Goron Tudun Ƙirya

Haladu ya sake kwance ƙunshin goron, ya zuba ruwa a tafin hannunsa ya yayyafa wa ganyen. Ɗan Azumi, mai masaukinsa a unguwar Adjamé ta birnin Abidjan, yana zaune a bakin zaure yana kallonsa, dariya tana cinsa.

"Haladu, don Allah bar wahal da ruwa. Goron ga daga dajin ƙasar ga ya fito, ya tafi arewa bisa jaki, ka saye shi da tsada, ka maido shi gida. Shi ma ya gaji da tafiya."

"Goron Maigari ne," in ji Haladu. "Da hannunshi ya ba ni."

Ƙwarya guda ce cif, goro ɗari, kuma har yau ɗari ne. Kwana goma sha tara Haladu ya yi a hanya daga ƙasar Gobir, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan mota tare da buhunan albasa, daga garin Bobo kuma a jirgin ƙasa. Duk inda aka tsaya sai ya nema wa goron ruwa kafin ya nema wa kansa. Ba wanda ya tuna masa, shi ma bai tuna ba, cewa ƙasar da za shi ita ce mahaifar goro. Sai da ya sauka ya gan shi tsibi-tsibi a gefen hanya, fari da ja, yara suna wasa kusa da shi ba mai tsawata musu.

Abin da ya kawo shi ba ƙarami ba ne. Shekaru da yawa samarin garinsu, Tudun Ƙirya, suna guje wa aikin dole na Nasara, suna gangarowa bakin teku, har garin ya koma na tsofaffi da awaki. Bara aka soke aikin, amma ba wanda ya koma. Bana kumandan, Banasaren da ke mulkin yankin, ya yarda a kafa kasuwa a garin ranar Laraba, ya ce zai zo da kaka ya gani da idonsa. In kasuwa ta ci, hanyar mota da sikelin gyaɗa a nan za su tsaya. In ba ta ci ba, sai a kai su garin maƙwabtansu, Rafin Marke, sauran mutanen gari kuma su bi bayansu, kowa ya san haka. Shi ya sa Maigari ya ɗaure goron gayya ya aiko Haladu. A wurinsu, duk wanda ya sa hannu ya ɗauki goron gayya ya yi alkawarin zuwa, babu sauran magana.

'Yan garin nasu da ke Adjamé ma sun san haka, shi ne abin haushin. Kwana uku yana bin su rumfa-rumfa. Kowanne sai ya tarbe shi da murna, ya tambayi tsohuwarsa, ya tambayi rijiyar gabas ko har yanzu tana ƙafewa. Da Haladu ya kai hannu ga ƙunshi, sai mutumin ya riga shi, ya zaro goro sabo daga aljihu ya danƙa masa, ya ce, "Allah ya sa a yi da mu." Daga nan ya mayar da hannuwansa bayansa. Aljihun Haladu ya cika da goron mutane, nasa kuwa yana ta yaushi.

"Saura mutum guda," in ji Ɗan Azumi, "kai ma ka san shi, kana ta kewaye-kewaye. Wa zai ɗauki gishiri da tufa shi kai kasuwar da ba a yanka? In ba a ji kalangu ba, ba a ga hayaƙin tsire ba, Fulani ba su kawo shanu, mata ba su fitowa. Taron suna ne kurum. Ka haye gada zuwa Treichville ka ga Kailu mahauci. In ya ɗauka, ni kaina in ɗauka, wasu biyar su bi ni."

Haladu ya ƙulle ƙunshin. Tun daga gida ya san Kailu ne ainihin saƙon, sauran duk rakiya ne. Tudun Ƙirya ba ta da mahauci tun rasuwar mahaifin Kailu. Amma shekara ashirin da biyu da suka wuce, Kailu ya aika da goro gidansu Haladu yana neman auren Sakinatu, ƙanwar Haladu, yarinyar kuma tana so. Mahaifinsu ya ce 'yarsa ba za ta shiga gidan fawa ba. Haladu aka ba goron ya mayar. Yana saurayi a lokacin, yana ji da kansa, ya je ƙofar mahauta bakinsa ja wur, ya ajiye ƙwaryar a ƙasa, ko sallama bai tsaya an amsa ba. Kafin damina ta faɗi Kailu ya bar gari.

Da hantsi ya kama hanya. Ya ratsa unguwar Nasara yana raɓe-raɓe, ya isa gadar nan da ke kwance a kan ruwa, wadda ke motsi a ƙarƙashin ƙafar mutum in mota ta hau. Zufa ta jiƙa masa riga tun kafin ya kai tsakiya. Gwiwoyinsa suna ciwo, ya gaji da tafiya, ya gaji da gaisuwa, ya gaji da yi wa garinsu kirari a gaban mutanen da suka san garin kamar yadda ya san shi.

Bai sha wahalar samun rumfar ba. A layin masu nama na kasuwar Treichville ya tambayi mutum ɗaya kawai aka nuna masa. Kailu ya yi jiki, gemunsa ya yi fari. Yana sara ƙashi yana ciniki da wata mata da Julanci, ya juya ya jefa wa wani kukun Nasara magana da Faransanci har kukun ya yi dariya. Da ya ɗago ya ga Haladu, sai wuƙar ta tsaya a hannunsa, na ɗan lokaci kaɗan.

"A'a, Haladu ne? Marhaba da mutanen arewa. Zauna nan ciki, rana ta yi."

Da ya yi masa wulaƙanci da Haladu ya fi samun sauƙi. Sai ga shi an shimfiɗa masa buzu, an kawo ruwa, an kawo shinkafa da nama mai yawa, irin wanda bai gani ba tun layya. Ya jira har nama ya ƙare a kan teburi, suka yi azahar tare, suka dawo bayan rumfa suka zauna. Kailu ya fara tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, Haladu yana amsawa, kuma yawancin amsar "Allah ya ji ƙansa" ce.

Daga nan Haladu ya gyara zama ya isar da saƙo, yadda ya haddace shi. Rumfa kyauta. Shekara biyu ba kuɗin kasuwa. Gona a fadama. Rawanin Sarkin Fawa, da makaɗa, ranar da za a buɗe kasuwa. Ya faɗi maganar kumandan da ta Rafin Marke, bai ɓoye kome ba.

"Gari shina mutuwa, Kailu," ya ce a ƙarshe. Wannan ba ya cikin saƙon. "Unguwarmu gida tara ne, huɗu ke da hayaƙi."

Kailu ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma.

"Fili fa? In na taho da iyali, ina za a ba ni in yi gida?"

"An tanada."

"Ina?"

Haladu ya so ya yi ƙarya, amma gajiya ba ta bar shi ya ƙirƙiro ta ba. "Bayan gari. Wajen tsohuwar mahauta."

"To," in ji Kailu, ya gyaɗa kai, kamar wanda aka gaya masa farashin da ya riga ya sani. "Nan maƙwabcina na dama malami ne, na hagu ɗan ƙabilar Bawule ne mai aikin jirgin ƙasa. 'Yata ta fari tana gidan wani ɗan kasuwa Bazabarme. Ba wanda ya tambaye ta sana'ar ubanta." Ya kalli ƙudajen da ke bin teburin. "Sakinatu fa? Ita kaɗai ba ka faɗa ba."

"Ita kaɗai ba ka tambaya ba."

"Na tambaya yanzu."

"Shekara shida da rasuwa. A Rafin Marke aka yi mata aure, can ta rasu."

Kailu ya yi mata addu'a a hankali, ya shafa. Haladu ya ji kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko a ranar da aka binne ta. Duk da haka aiko shi aka yi, kuma gari yana jira. Ya kwance ƙunshin ya buɗe ganyen a tsakaninsu. Goron ya yamutse, wasu sun fara baƙi a gefe.

Kailu bai yi dariya ba, shi kaɗai a duk Abidjan. Ya dube shi da kyau. "Nawa ne?"

"Ƙwarya ce. Ba wanda ya taɓa."

Sai Kailu ya miƙa hannu, ya ɗan tona, ya zaɓi guda ya ɗauka.

Haladu ya yi zumbur. A take ya ga Laraba, ya ji kalangu, ya ga hayaƙi yana tashi a gindin ƙirya da Fulani suna shigowa da shanu ta hanyar gabas. Hawaye suka cika masa ido, ya ɗaga hannuwa zai fara godiya.

"Dakata, Haladu," in ji Kailu. Babu zafi a muryarsa. "Wanga ba na gayya ba ne. Goro ɗari na aika gidanku. Da ka aje shi a ƙasa ka tafi, babana ya zauna ya ƙirga, don shi mutum ne mai ƙirga abu. Casa'in da tara ka maido."

Haladu ya buɗe baki zai musa, sai abin ya dawo masa sarai: hanyar mahauta, rana tsaka, shi yana tafe da ƙwaryar a hannu, ya ɗaga faifan ya zaɓi babba ya kai baki.

"Ƙin da kuka yi, tsohona bai yi mamaki ba," in ji Kailu. "Guda ɗin ne ya riƙa faɗa har ya mutu. Cikona na ɗauka. Ka gaida Maigari, ka ce na gode da rawani."

Ya bare goron da farce, ya ci ɓari guda duk da yaushinsa, ya sa ɗayan a aljihu. Sannan ya tashi ya rako baƙonsa har bakin kasuwa, ya nuna masa hanyar da ta fi kusa zuwa gada.

Haladu ya tsaya a tsakiyar gadar don wata motar katako ta wuce, ƙasa tana motsi a ƙarƙashinsa. Ƙunshin yana hammatarsa. Gobe akwai jirgin Bobo, wata tafiyar kwana goma sha tara ke nan zuwa gida, kuma ko'ina aka tsaya sai ya nema wa goron ruwa, don abin Maigari ne, dole ya kai masa. Karo na biyu ke nan a rayuwarsa da zai mayar wa mai goro casa'in da tara.