Wayifai Mai Azumin Litinin da Alhamis

Tun da aka ɗauki Adnan aikin kula da kwamfutoci a wata ƙaramar kwaleji da ke gefen Faskari, wayifai ɗin makarantar ya sa shi gaba. Ana cikin aiki sai ya ɗauke, kafin a je a kira Adnan ya dawo abinsa. Ya sauya waya, ya hau rufi ya juya eriya, ya zargi hadari, har gidan rediyo ya zarga.

Da azumi ya kama, sai ɗaukewar ta daina cak. Adnan fa baki har kunne, domin ana gobe azumi ya saka sabuwar rauta, wato akwatin da ke watsa wayifai. Tafiyarsa ma ta sauya. Ishaya, akawun makarantar, ya dube shi ya ce, "Injiniya, rage taƙama. Ba ku kuka ce ana ɗaure shaiɗanu a watan nan ba? Bari a kwance su mu gani."

Aka kwance su kuwa. Hutun Sallah na ƙarewa, ciwo ya dawo sabo. Shugaban makarantar, Alhaji Almu, ya kira Adnan ofis. Ya ce ran Laraba ɗalibai za su rubuta jarrabawa ta kwamfuta, in sabis ya ɗauke ko sau ɗaya, to ya tattara ya koma ƙauyensu Tafoki noman masara. Ga shi kuwa da aikin nan aka ba Adnan mata, biki kuma saura kaɗan.

Yana zaune ya yi tagumi Ishaya ya sake tsokanarsa. "Ni hwa na lura wayifai ɗin nan ustazu ne. Litinin da Alhamis bai taɓa cin amana."

Adnan zai rama ke nan, sai ya yi lissafi. Gaskiya ne. To wa ke azumin Litinin da Alhamis a makarantar nan? Kowa ya sani, domin mai yin ba ya bari a manta.

Ran Talata da hantsi ya ɗauki wayarsa mai auna ƙarfin sabis, ya bi bangon ɗakin kwamfuta a hankali. Daidai ƙarƙashin rauta sabis ya zube, ya kuma ji wani gurnani ta bayan bango, tare da ƙamshin miyar kuka. Ya zagaya. Ofishin Alhaji Almu ne, mai azumin Litinin da Alhamis. A lungu ga tsohuwar na'urar ɗumama abinci, ƙofarta ta gaji har an tokare ta da guntun rake, tana juya ɗumamen tuwo. Irin waɗannan na'urori in suka tsufa, iskarsu kan tsiyaye ta danne ta wayifai.

"Bismillah," in ji Alhaji, yana wanke hannu. "Ka gano mugun?"

Adnan ya durƙusa. Ta yaya yaro zai dubi sa'an ubansa ya ce tuwonka ne? Matsar da rauta kuwa sai an sayo doguwar waya daga Funtuwa, ga jarrabawa gobe.

"Ranka ya daɗe, na gano. Sai dai maganin na hannunka. Da za ka taimaka mani ka ɗauki azumi gobe."

"Gobe Laraba? Azumin mi?"

Adnan ya ɗaga wayarsa saitin idon Alhaji. Na'urar ta yi ƙara ta tsaya, sabis ya cika taf. Alhaji ya dubi waya, ya dubi tuwo. Ya miƙa hannu ya sake kunnawa, sabis ya zube.

Ran Laraba aka yi jarrabawa lafiya lau. Da azahar Ishaya ya leƙa ofishin shugaba da takardu, ya tarar da shi yana tura tuwo mai sanyi, fuska a murtuke.

"Ka hwaɗa ma yaron nan," in ji Alhaji, "ya turo mani katin bikin."