Minti Ashirin na Ummu Milad

Sau biyu ana tura Ummu Milad cikin injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a wani asibiti na Asyut a ƙasar Masar, sau biyu hoton yana fitowa kamar an dama kunu. Likita ya ce saura dama ɗaya, ranar Laraba. Idan ta sake ɓata shi sai ta koma bayan layi ta jira wata huɗu, ga idonta na hagu kullum ƙara dusashewa yake, ciwon kai kuma ya hana ta sakat.

Abin da ake nema a wurinta bai taka kara ya karya ba: ta kwanta minti ashirin, kada ta motsa. Sai dai Ummu Milad mace ce da idan ta ce "Amin" a coci, masu sayar da kifi a bakin titi sun san an kusa tashi. Addu'a a wurinta aikin baki ne da hannu da ƙirji.

Zuwan farko, Ustaz Ra'afat mai kula da injin, wato Malam Ra'afat a bakin Masarawa, ya ce ta cire duk wani ƙarfe. Aka cire sarƙar gicciye, aka cire lambar Mar Girgis mai tsarki da ke maƙale a rigar ciki, da ta Mar Mina mai tsarki a gefen ɗankwali, da ta Budurwa Maryamu da ita kanta ta manta inda ta soke ta. Aka tara su a faranti. Injin na fara buga gudumarsa ta ɗaga hannu za ta yi alamar gicciye, ta ƙume gwiwar hannu da rufinsa. Zuwa na biyu ta riƙe hannayenta, amma ta jero "Ya Ubangiji, ka yi jinƙai" sau arba'in da ɗaya kamar a coci, haɓa na rawa.

"Uwata, har leɓe fa motsi ne," in ji Ustaz Ra'afat.

"To da me zan roƙi Allah, ɗana? Da kunne?"

Ranar Talata da la'asar tana zaune a baranda tana tsince wake, mijinta Ayyad, wanda take kira Abu Milad, yana gefe da kofin shayi. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutumin da maƙwabta suka yi wata shida suna zaton bebe ne.

"Abu Milad, kabari ne fa. Su kwashe mini tsarkaka a faranti kamar gyaɗa, su binne ni da raina, sannan su ce in yi shiru."

"Ana iya yi a zuci."

"Ji mutum! Kai ka san addu'a? Shekara arba'in ban taɓa jin ka yi ba."

"Shekara arba'in ban samu fili ba."

Ta harare shi da idon da ke gani sosai. Ya ajiye kofi ya ce wani tsoho mai zuhudu ne ya koya masa tun yana saurayi. Ka ja numfashi, a zuci ka ce "Ya Ubangijina Yesu". Ka sauke, ka ce "ka ji tausayina". Shi ke nan.

"Shi ke nan? Ko gaisuwa babu?"

"Ya san ki."

Ta rufe ido. A numfashi na huɗu ta tuna matar da ke samansu ta sake shanya wanki yana ɗiga musu, ta kuwa faɗa.

"Idan tunani ya zo, ki bar shi ya wuce kamar mai tallan da ba ki kira ba," in ji Ayyad.

Ta sake rufe ido. Wannan karon ta jima. Wanki ya zo ya wuce, tsadar tumatir ta zo ta wuce. Sai ga mahaifiyarta zaune a kan tabarma, tana laluben kofi da hannu saboda idon hagu ya daina gani. Haka aka fara da ita, kuma ba ta ga Ista ta gaba ba. Wannan tunanin bai wuce ba. Ummu Milad ta buɗe ido, hawaye na zuba cikin waken.

"Abu Milad, ƙarya nake yi. Ba injin nake tsoro ba. Ina sane nake motsawa. Muddin hoton bai fito ba, ai babu komai a kaina."

Ayyad ya ɗauki kofin shayinsa.

"Ni ma hoton nake tsoro," ya ce. "Wata uku ke nan."

"To addu'ar taka ta cire maka?"

"Ba ta cire ba. Amma ina iya shan shayi."

Tausayinsa ya kama ta, abin da ba ta saba ba. Ta ture farantin waken gefe, suka zauna suna numfashi tare har rana ta bar baranda.

Ranar Laraba ta je da azumi a bakinta. Ta miƙa tsarkakanta da kanta, ta kwanta, aka tura ta. Guduma ta fara. Tsoro ya zo ya zauna mata a ƙirji kamar buhun gari, ba ta kore shi ba. Ta ja, ta sauke. Ta ja, ta sauke. Can ta ce a ranta, duk abin da ke cikin kan nan, Kai ka riga injin ganinsa, kuma ba ka gudu ka bar ni ba. Daga nan kafaɗunta suka saki. Ta yi lamo har Ustaz Ra'afat ya tsorata, ya kira ta ta lasifika, "Uwata, kina da rai?" Ba ta amsa ba.

Hoton ya fito tangaran. Likita ya ɗaga shi ga fitila, ya duba, ya sake dubawa, ya gyara tabarau. Sannan ya juya wajen mijin.

"Ustaz Ayyad, ko za mu ɗan fita waje?"

"Likita, kaina ne," in ji Ummu Milad. "Juyo da shi in gani."

Ya juyo da shi. Da bakin biro ya nuna wani fari-fari a bayan idon hagu, girman ƙwallon dabino. Ta kalle shi tsawon numfashi ɗaya, ja da saukewa. Ta ɗora hannu a kan gwiwar Ayyad da ke kusa da ita, ta danne.

"Ashe kai ne," ta ce wa abin. Sannan ta dubi likita. "To, faɗi duka, kada ka rage komai. Amma a hankali, mijina na da hawan jini."