Matan Sarki a Ɗakin Wankin Ƙoda

Shekara bakwai na yi ina aikin jinya a ɗakin wankin ƙoda kafin na nemi a canja mini sashe. Ɗaki ne dogo a hawa na biyu, kujeru huɗu a jere, kowace da injinta a gefe, sai talabijin guda da aka kafe a bango can sama, sai mutum ya ɗaga haɓa kafin ya gani. Wanda aka ɗaura wa inji awa huɗu yake yi a zaune, hannu ɗaya a miƙe, jininsa na fita ta wannan tiyo yana komawa ta wancan. Ba abin da ya rage masa sai kallo da surutu.

Masu zuwan rana ran Litinin da Alhamis su huɗu ne, kuma sun saba da juna kamar 'yan gida ɗaya. Kujerar bakin ƙofa ta Inna Mai Keke ce, tela ce, ko da aka ɗaura mata inji tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Kusa da ita Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa amma ba ta yi ritaya daga gyara wa mutane magana ba. Sai Baba Direba, shekara talatin yana jan motar ma'aikata. Kujerar ƙarshe, ta jikin taga, ta wadda muke kira Auta ce, shekarunta ashirin da shida, kuma ita kaɗai ce a cikinsu ke da ranar fita, domin yayanta ya yarda zai ba ta ƙoda, ana ta gwaje-gwaje.

A wannan shekarar aka fara nuna wani shiri na tarihi, ƙarfe biyu na rana, daidai ranakun zuwansu. Labarin wani sarki ne na zamanin da, wanda ba ya haɗa mata biyu, amma kuma mace ba ta daɗewa a gidansa. Tun kashi na farko ɗakin ya kama. Ko ni, sai in ga ina manna filasta idona na sama.

Kowa da irin kallonsa. Inna Mai Keke kaya take kallo. Sarauniya tana kuka, ita kuwa sai ta ce, "Wannan kalmasar ta keke ce. Wane keke ne a zamanin nan?" Malama ta ce ba haka ake gaida sarki ba, masu shirin ba su yi karatu ba. Baba Direba shi ke kare sarkin don ya tsokane su.

"Ku bar bawan Allah," in ji shi. "Shugabanci da wuya."

"To ai kai ne shi," in ji Inna. "Dubi gemun ma iri ɗaya."

Daga ranar ya zama Mai Martaba. In na zo ɗora shi a sikeli sai in ce, "Ranka ya daɗe, a taka a hankali." Ni ce kuma na ƙarasa wasan, ba zan ɗora wa kowa ba. Ina cire safar hannu na ce tunda mun sami sarki, sai a raba masa mata. Na ce Inna ce ta fari, don ta girme su. Malama ta ɗauki wata mai jan mayafi da ta fara bayyana a fada, kowa ya san ita ce mai zuwa.

"Ni fa, Sista?" in ji Auta.

Na ce, "Ke ki jira ta uku."

Aka yi dariya har injin Baba ya yi ƙara, don ya motsa hannu.

Bayan sati biyar sarki ya gaji da matarsa ta fari. Bai kashe ta ba, ya sa aka kai ta wani gida can ƙetaren kogi, aka nuna ta a kwalekwale tana waiwaye. Inna ta yi ta zagin sarki tana nuna Baba da yatsa. Ran Alhamis kujerarta ba kowa. Ɗanta ya bugo waya ya ce an canja masa wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ya tafi da ita, za ta ci gaba da wankin a can. Ba ta ko yi mana sallama ba, a gaggauce aka yi tafiyar.

Malama ta dubi kujerar ta ce, "Mai Martaba, ka kore ta ke nan."

An yi dariya, amma ba kamar ta da ba.

Ba a kawo kowa a madadinta ba, aka rufe injinta da farin ƙyalle. Mai jan mayafi ta zama sarauniya, Malama kuwa ta ɗauki abin da zafi. In sarauniyar ta faɗi magana mai ma'ana sai ta gyaɗa kai ta ce, "Haka ake yi. Mace mai ilimi ke nan." Ta daina kushe shirin. Wata rana na ji tana faɗin jawabin sarauniyar tare da ita, kalma da kalma, leɓenta na motsi. Na ce, "Malama, kin taɓa gani ne?" Ta ce a'a, kawai dai abin da ya kamata ta faɗa ke nan.

A kashi na goma sha huɗu sarauniya ta biyu ta kwanta zazzaɓi. Aka nuna ta gumi na zuba, ana shafa mata ruwa a goshi, sarki yana leƙowa daga ƙofa ya ƙi shiga. Kafin a tashi daga shirin ta cika. Ina cire wa Malama allura na ji fatar hannunta da ɗumi. Na sa ma'aunin zafi, ya ɗan hau kaɗan. Na gaya wa likita, ya rubuta magani, ya ce a sa ido.

Ran Laraba da safe aka kawo ta ɗakin gaggawa. Ƙwayar cuta ce ta shiga jininta ta wurin da muke sa allura, abin da kan faru ga masu wankin ƙoda, na sha gani. Ba ta kai azahar ba.

Ran Alhamis ƙyalle biyu ne a ɗakin. Na ce wa Baba, bisa sabo, "Ranka ya daɗe," sai ya sauka daga kan sikelin.

"'Yata, kada ki ƙara kira na haka."

"Baba, wasa ne fa."

"Na sani. Shekara arba'in ina tare da matata, ban taɓa ɗaga mata murya ba. Kada ki ƙara."

Ashe ya aske gemunsa. Sai da ya zauna na lura.

Ƙarfe biyu ta yi, ba wanda ya ce a kunna, ba wanda ya ce a kashe, na kunna. Sarki ya ga wata yarinya mai kaɗa molo a wajen wata liyafa. A sati biyu an ɗaura aure. Auta tana kallo kawai. Da can ita ce mai tambaya, wane ne wannan, me ya sa ya yi haka. Yanzu ta yi tsit, hannunta na hagu a miƙe, na dama a ƙirji. Baba kuwa ya juya kansa wajen bango, in muryar sarkin ta tashi sai in ga ya runtse ido.

Da aka fara nuna fadawa suna kai wa sarki gulmar sarauniya ta uku, na san inda aka dosa. A ƙarshen kashin ran Litinin aka nuna dogarai a tsaye a bakin ɗakinta. Na yanke shawara ni kaɗai. Ran Alhamis, tun kafin su iso, na hau kujera na zare wayar talabijin daga soket, na bar ta tana lilo, na jefa rimot a aljihuna.

"Ta lalace," na ce musu. "An kira mai gyara."

Baba ya ce, "Madalla."

Auta ta dube ni, ta dubi wayar da ke lilo.

Rana ce mai haske, labule a buɗe, ana jin motoci a ƙasa da ƙarar injinan biyu, tik, tik. Ina rubuta awon jinin Baba sai na ji Auta ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Sun shigo."

Na waiga ƙofa. Ba kowa. Agogon bango ya nuna biyu da minti uku. Haɓarta a ɗage, idonta a kan baƙin gilashin talabijin, wanda ba abin da ke cikinsa sai inuwar tagar da kujerun.

"Su uku ne. Ɗaya ya karɓe molon. Ba ta yi gardama ba." Ta yi shiru, kamar mai sauraro. "Suna hawa bene da ita. Matakalar da tsawo."

"Auta," na ce, "kina jin jiri ne?"

Na duba injin, komai daidai. Na kama hannunta, bugun jininta lafiya lau, jikinta ba zafi. Ba ta ko dube ni ba. Idonta na bin wani abu daga hagu zuwa dama, yadda idon mai kallo ke yi.

Baba ya ce mini, "'Yata, ce mata ta bari."

Ba ta bari ba. Tana faɗa tana tsayawa, har da wani shiru na minti uku a tsakiya, wanda daga baya na gane lokacin talla ne. Ta ce an sa ta a wani ɗaki mai taga ɗaya. Ta ce sarki ya zo ya tsaya a ƙasan matakala, bai hau ba. Sai ta sauke numfashi.

"Ba za su kashe ta ba," ta ce. "Magina ne suka zo. Suna gine ƙofar. Sun bar 'yar kafa ta miƙa abinci."

Baba yana kuka, ba sauti, hawaye na bin inda gemunsa yake da. Ni kuwa ina tsaye da biro a hannu.

Ƙarfe uku saura kaɗan ta ce, "Ga wata an kawo masa. Tana sanye da farare." Ta ɗan karkata kai. A karo na farko ta sauke idonta daga bangon, ta dube ni, ta dubi wuyan hannuna, inda nake da tabon ƙunar ruwan zafi tun ina yarinya. "Tana da tabo a nan, Sista."

Daga nan ta lumshe ido ta yi barci, har lokacin cire mata allura.

Ba a yi minti goma da yin barcinta ba abokiyar aikina ta shigo daga ɗakin hutun ma'aikata, inda su ma suke kallo, kofin shayi a hannunta.

"Kun ga muguntar mutumin nan? Da ranta ya sa aka gine ta. Ga kuma wata sabuwa mai fararen kaya, har an nuna hannunta..." Sai ta ga wayar tana lilo a bango, ta ga fuskata.

Na yi ta neman bayani. Na tambayi mijin Auta da ya zo ɗaukarta ko ta ga kashin a wani wuri. Ya ce ina za ta gani, abin da yau aka fara nunawa? Ita kanta da na tambaye ta ran Litinin, cewa ta yi, "Ai kallo muka yi tare." Ta yi mamakin tambayar.

Baba Direba ya roƙi a maida shi zuwan safe, aka maida shi. Ya ƙara shekara biyu, kuma har ya rasu bai yarda ya zauna a kujerar da ke fuskantar talabijin ba. Wata guda bayan ranar, gwajin ƙarshe ya nuna yayan Auta yana da ciwon suga da bai san da shi ba. Aka fasa dashen. Ba a sami wani ba. Shekara tara ke nan, tana nan a kujerar jikin taga, Litinin da Alhamis. Duk waɗanda suka zo bayanta sun shuɗe ko sun warke, likitoci suna mamakin yadda jikinta bai ci gaba ba, bai kuma ja baya ba. Mijin ya daina hawowa, a ƙasa yake ajiye ta.

Ni ban ƙara kallon shirin ba. An ce ya yi kashi goma sha biyu bayan wannan, kuma duk a kan ta huɗun aka yi su. Na koma sashen yara, na yi aure, ina da 'ya'ya biyu, lafiyata ƙalau. Ban san me ya sami matar ba, kuma ban bar kowa ya gaya mini ba.

Bara ƙanwar mijina ta zo mana hutu. Muna ninke wanki a falo sai ta ce ta samo tsohon shirin nan a waya, ta kalle shi tas cikin kwana uku.

"Ni ta ƙarshen ce ta fi tsaya mini a rai," in ji ta. "Shekara goma fa tana zaune lafiya, har da 'ya'ya, kowa ya ɗauka ta tsira. Sai kawai ran nan..."

Na ajiye rigar da ke hannuna na shiga banɗaki, na buɗe famfo har ƙarshe, na tsaya a wurin sai da na ji ta kira yara su zo su kwashe kayansu.