Bayan Kaset ɗin Katung

Katung injiniya ne a garin Silver Spring na Amurka, mutum mai natsuwa, amma in kana son ganin wautarsa sai ka shiga motarsa. Kaset ɗaya yake juyawa, na wasu Turawa huɗu da suka yi tashe a shekarun sittin, aka tattara fitattun waƙoƙinsu wuri guda. A 1985 ba mai sauraronsu sai masu furfura, shi kuwa ko a jikinsa.

Kuma da gaskiyarsa, mutanen nan sun iya haɗa murya. Na ƙasa ya shimfiɗa, biyu su zauna a tsakiya, na sama ya bi ta kansu siriri, ba mai danne wani. Katung ya san daɗin abin, don irin haɗin nan Baba ya koya musu a Kagoro, shi da ƙannensa biyu, kuma Katung ne mai muryar sama.

Baba shi ne shugaban mawaƙan coci, bai yarda da waƙar duniya a gidansa ba. Tun da Katung ya gama karatu ya ƙi komawa gida, Baba ya daina magana a kaset ɗin gaisuwa da ake aiko masa daga gida. Mama za ta yi, ƙanne su yi, sai shiru. Shirun nan yana cin Katung ƙwarai.

Ran da abokinsa Bartholomew zai tafi gida, Katung ya rasa sabon kaset. Cikin sauri ya ɗauko kwafin waƙoƙin da ya ajiye, ya naɗi gaisuwarsa a gefe ɗaya, ya miƙa. Sai da jirgi ya tashi ya tuna bai goge ɗaya gefen ba. A gidansu kuwa ba a ajiye kaset sai an juya shi, kowa na zaune. Ga Baba a tsakiya, ga Turawa na waƙar 'yammata da bakin teku. Katung ya ce shi ke nan, ɗan abin da ya rage tsakaninsu ya ƙare.

Da Bartholomew ya dawo da amsa, kwana da kwanaki Katung bai iya saka ta ba. Ya dai daure wata safiya a hanyar aiki, ya saka a mota. Mama ta yi gaisuwa, ƙanne suka yi. Sai aka yi gyaran murya.

"Katung, babanka ne. Mun ji abin da ka bari a bayan kaset. Maganarsu ban ji ba, kuma na hana a fassara mini. Amma yaran nan suna sauraron juna. Wanda ya koya musu ya san aikinsa."

Katung ya gangara gefen titi ya tsaya.

Baba ya ba da murya, kamar yadda yake yi a coci. Sai ga waƙar farko ta Turawan, ba kalmomi, Baba a ƙasa, ƙannen a tsakiya, daidai ba kuskure. Sama kuwa wayam. Suka kai ƙarshe a haka.

"Ka ji wurinka," in ji Baba. "Ban ba kowa ba."

Katung ya mayar da kaset baya. Da suka sake tashi ya shiga, har ya cika huɗun.