Ranar da Tjitske Ta Sauke Ƙafafun Ɗaki

Shekara ashirin da biyu ke nan, duk watan Mayu, muna jan ɗakunanmu masu taya daga garin Sneek zuwa filin wani manomi a lardin Drenthe, mu yi mako biyu a bakin daji. Gida uku ne: ni Douwe da matata Hiltje, Wiebe da matarsa Tjitske, sai Oeds da Baukje.

Da an kwance ɗaki daga mota, aikin farko shi ne sauke ƙafafun ƙarfe huɗu da ke kusurwoyinsa, don kada ya riƙa rawa in an taka ciki. Aikin maza ne, kuma Wiebe, tsohon malamin lissafi, shi ya mayar da shi ilimi. Zai shimfiɗa tsumma, ya durƙusa da nishi, ya zura ƙarfen murzawa, ya murza sau goma, ya miƙe ya dafe ƙugu, ya kira mu shawara. Ƙafa goma sha biyu, ƙarti uku, ba mu taɓa gamawa ƙasa da awa biyu ba. Kiret ɗin giya kuwa a bayan ɗakin Oeds yake zama, ɓangaren da babu taga. Kafin mu gama, matan sun kafa rumfuna, sun ɗebo ruwa, sun jera kwanuka.

Bana aka yi wa Wiebe aiki a kafaɗa, likita ya ce ko butar shayi kada ya ɗaga. Muna isa, ni da Oeds muka naɗe hannun riga za mu rufa masa asiri. Sai ga Tjitske ta fito daga mota riƙe da injin huda mai batir, an ɗaura masa dogon bakin sifana. 'Yarsu ce ta ba ta.

Wiebe ya ce, "Tjitske, wannan na huda bango ne. Zai cinye haƙoran ƙarfen."

"In ya cinye sai in saya masa na roba irin naka."

"Douwe, yi mata magana mana!"

Na gyara murya na ce, "Gaskiya aikin nan yana son natsuwa. Sai mutum ya ji ƙasa a hannunsa."

"To, Malam Douwe mai jin ƙasa, matsa mini."

Ta ajiye guntun katako, ta sunkuya, ta danna. Injin ya yi gurnani ya fizge mata hannu, ƙafar ko motsi. Wiebe ya washe baki. "Me na ce?"

Ta duba injin, ta tura wani ɗan maɓalli, ashe baya yake juyawa. Ta sake dannawa. Ƙafar ta sauko sulululu ta zauna a kan katako.

Wiebe ya ɗaga murya, "Tsaya nan! Ba jak ba ce, kada ki ɗaga ɗakin!"

"Ai na tsaya tun kafin ka buɗe baki."

Minti uku ta gama huɗun. Ta shiga ciki ta yi tsalle biyu da nauyinta duka, ko cokali bai yi ƙara ba. Daga nan ta wuce namu, ta zarce na Oeds. A can ta ci karo da kiret. Ta dube shi, ta dube mu.

"Wannan shi ne man da kuke shafa wa ƙafafun?"



Ƙarfe biyu da kwata, ga mu tsaye hannu a aljihu. Kunya ta sa muka shiga taimako. Oeds ya ɗauki guduma, turke na biyu ya buga shi a tsakiyar tiyon ruwa. Wiebe ya sa kujera a tsakiyar fili yana lissafa wa matan yadda rumfa ya kamata ta fuskanci rana, sai da aka kwance ta sau biyu. Ni na shiga ɗakinmu na ga an sa cuku kusa da sabulu, na fara sake tsarin kabad ɗin gaba ɗaya.

Ina durƙushe a ciki na ji muryar Hiltje ta taga, ƙasa-ƙasa.

"Ke kuwa, Tjitske, me ya kai ki?"

"Na gaji da nishinsa ne."

"Nishin nan shi ke ba mu awa biyu! Rumfa minti ashirin ce. Yanzu da muna kan kofi na biyu."

Baukje ta ce, "Ga kek ɗin tuffa can na ɓoye, na mutum uku ne. Shekara ashirin da biyu ba wanda ya gaya mini inda zan sa cokali, yau Oeds har ya ƙirga tawul."



Can sai Hiltje ta leƙo, ta miƙo mini tsohon ƙarfen murzawa. "Douwe, ɗakin nan rawa yake. Ƙafar baya ta hagu. Injin nan bai iya aiki ba, sai ku."

Na zagaya. Ƙafar ta bar katako da yatsa biyu, ga sabuwar shaidar gwiwa a ciyawa, daidai girman ta Hiltje. Na kira Wiebe. Ya zo ya tsaya a kanta yana girgiza kai, fuskarsa fal farin ciki.

"Inji ba ya jin ƙasa," in ji shi. "Oeds! Sai an sake duba goma sha biyun."

Ban gaya musu abin da na ji ba. Mun gama wajen ƙarfe huɗu da rabi.

Ranar komawa gida aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wiebe ya ce kafaɗarsa na sara, Oeds ya tuna zai duba man mota, ni na zauna gadin taswira. Ta gilashin mota muka hango Tjitske cikin jar rigar ruwa tana bin ɗakunan ɗaya bayan ɗaya da injinta, tana ɗage ƙafafun. Wiebe ya sauke gilashi kaɗan ya ƙwala mata kira: "A hankali dai da haƙoran!" Ya mayar da sauri don ruwa na shigowa.