Fuskar Mai Takaba

"Gaba za ta zauna," in ji Inna Turai, tana riƙe da murfin motar. "Kuma ita kaɗai. Ba za a matse min ita ba."

Ɗan kamashon tashar Gwaram ya dubi Mahbuba tun daga koɗaɗɗen hijabinta har silifas ɗin ƙafarta. "Inna, gaba mutum biyu ne. Ko matar ciyaman ce?"

"Ai biyun ne. Kai ne dai ba ka da ido."

Mutumin ya yi dariya, ya buɗe ƙofar da kansa. "Tuba nake, Inna. Allah ya raba lafiya."

Fasinjojin baya suka ce amin. Mahbuba ba ta ce ba. Ta shiga ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya. Ta san babu kowa a cikinta.

Yau ce rana ta farko da ta fito tun da aka kai mijinta Nuru makwancinsa. Babbar mota ce ta ture shi a kan babur yana dawowa daga kasuwar Sara, ko asibiti ba a kai da shi ba. Tun ranar take takaba a Maruta, a ɗakin uwarsa, Inna Turai. Yanzu takabar ta kusa ƙarewa, Inna kuma ta ce lalura ta halatta fita, Birnin Kudu za su je a yi mata awon ciki.

Da motar ta hau titi, idon Mahbuba ya faɗa kan madubin gefe. Rabonta da madubi tun ranar rasuwar. Ta dai san abin da yatsunta suke ji in tana alwala, amma ba ta gani ba. Haɓarta sumul. Gefen muƙamuƙinta, inda kuraje suka yi shekaru suna tsirowa wasu kan wasu, babu komai sai ɗan duhun tabo. Ba tozali, ba hoda, ba mai, amma ba ta taɓa ganin kanta da kyau haka ba. Ta kawar da kai da sauri.

Kurajen ba na ƙuruciya ba ne. Sai da ta wuce ashirin da biyar suka zo, manya masu zurfi, masu zafi kamar maruru, kuma duk wata in al'adarta ta kusa sai su ƙaru. Ta yi sabulun salo, ta yi dilka, ta yi kurkum da zuma. Ta shafa wani mai da wata 'yar Kangire ta kawo, ya ƙone mata kumatu. Mata suna cewa jininta ne bai da kyau. Wasu su ce bilicin take yi a ɓoye. Duk ta shanye. Abin da ta kasa shanyewa shi ne ranar wani suna a maƙwabta, da ta ɗauki jaririn za ta kai shi kumatunta, sai mai jegon ta miƙo hannu ta karɓe ɗanta tana murmushi, ta goge masa fuska da bakin zani.

Ranar Nuru ya tarar da ita tana kuka a bayan rumbu. Da sati ya zagayo ya goya ta a babur har asibitin Birnin Kudu.

Likitar ta yi musu bayani a hankali. Ta ce kowace mace tana da ɗan sinadarin maza a jikinta, na Mahbuba ne yake taɓa mata fata. Akwai ƙwayar da ke danne shi, mai dogon suna, sifironolakton, wanda Mahbuba ba ta taɓa iya faɗa daidai ba. Sai an yi watanni kafin a ga aikinta. Amma akwai sharaɗi: ba a shanta da ciki, don tana iya taɓa halittar yaro, musamman namiji. Dole sai an yi tsarin iyali tukuna.

Shekararsu biyar da aure a lokacin, ɓari ɗaya, ba ɗa. Nuru kuma shi kaɗai ne namiji a wurin uwarsa. Mahbuba ta tashi za ta fita, ya riƙo hijabinta.

"Zauna," ya ce. "'Yan watanni ne fa. Haihuwa tana nan, ina za ta? Ni dai na gaji da ganin kina cin abinci kina juya min baya."

Aka yi mata allurar a ranar. Ya sayi ƙwayar mai yawa don kada su yi ta zarya, ya ce Inna ba sai ta ji ba. Kullum da safe kafin ya fita shago sai ya leƙo ya ce, "Hajiya, an sha?" Bai cika wata yana tambayar ba.

Bayan rasuwar ta ci gaba da sha. Ba don fuskar ba. Shi ne abu na ƙarshe da Nuru ya sa ta, kuma in ta ɓallo ƙwayar daga ƙasan kwallarta da safe, sai ta ji kamar yana bakin ƙofa.

Ita kuwa Inna Turai ta yi abin da kowace tsohuwa take yi da mai takaba: ta sa mata ido. Ta ga Mahbuba ba ta ajiye salla ba ko sau ɗaya. Ta ga tana yawan zagayawa bayan gida. Ta ga jiri yana ɗibarta in ta miƙe daga murhu, ta ga tana kare ƙirjinta in yara sun faɗo mata. Sannan ga fuska ta washe. Rannan suna tsince wake, Inna ta ajiye faifai ta ce, "Namiji ne. Cikin namiji ne yake wanke uwa haka. Ni ma haka na yi da cikin wancan." Ba ta taɓa kiran sunan Nuru ba, ɗan fari ne.

A ranar Inna ta ci tuwo har ta nemi ƙari, ita da tun rasuwar sai an yi da gaske take kurɓar kunu. Washegari ta sa aka sayo ɗan rago aka ɗaure a gindin turke, tana ba shi dusa da hannunta. Mahbuba ta buɗe baki za ta yi magana ba sau ɗaya ba. Kullum sai ta ce gobe.

A asibiti layin awo ya cika da mata, kowa da tulun cikinta a gaba. Inna ta samo mata wuri a benci, ta tsaya tana yi mata fifita da kwali. Da aka zo kansu, ma'aikaciyar jinyar, wata doguwa da ake kira Sista Lailatu, ta ba Mahbuba 'yar kwalba ta kawo fitsari. Sista ta tsoma tsinken gwajin, ta duba, ta dubi Mahbuba, sannan ta dubi Inna.

"Baba, ɗan jira mu a waje."

"Ni ce uwarta."

"Na gani. Ɗan jira dai."

Da ƙofa ta rufu, Sista ta ce, "Babu ciki."

"Na sani."

"Kin sani? To me ya kawo ki layina tun safe?"

Mahbuba ta ciro ƙwayar daga lalitarta ta ajiye a tebur. Ta faɗi allurar, ta faɗi rasuwar. Sista ta juya ƙwayar a hannu, ta yi tsaki a hankali, ba na faɗa ba.

"Allurar ce ta ɗauke miki al'ada. Fitsarin da jirin da ciwon nonon kuma wannan ce. An ce miki ki dawo a duba jininki, ko? Ba a shan ta haka kai tsaye ba dubawa. Da kin fita takaba ki zo ki ga likitarki." Ta mayar mata da ƙwayar. "Tsohuwar fa? Ni abin da zan ce mata kawai, babu. Sauran naki ne, ko ki faɗa ko ki bari."

Ta kira Inna ta gaya mata. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce an gode, ta kama hannun Mahbuba suka fito.

A gindin darbejiyar bakin asibiti ta sayi dafaffen ƙwai biyu, ta zauna a kan wani dutse tana ɓarewa. Fuskarta ko alamar damuwa babu.

"Kar ki sa wa ranki komai," ta ce. "Kwanciya ya yi. Firgitar mutuwar ce ta kwantar da shi. Wannan tsinken nasu ina zai ga kwantaccen ciki? Yayata Abu sai da nata ya shekara uku a kwance, ga shi nan ya tashi, yau shi ke noma gonar ubansa. Gobe zan aika wa Malam ya fara rubutu. Ke dai ki zauna a ɗakina. In shekara ce mu jira, in biyar ce mu jira. Wanda ya zo neman aurenki ma zan ce masa da cikin wani a jikinki. Ungo, ci."

Mahbuba ta dubi ƙwan. Ta ga shekarun a jere: rubutu da safe, rubutu da yamma, rago ya tsufa a sayo wani, tsohuwa tana shafa mata ciki tana kiran wanda babu.

"Inna, bai kwanta ba. Bai taɓa shiga ba."

"Ke kika san wannan?"

"Ni na sani. Allura aka yi min ta hana ɗaukar ciki, tun yana da rai." Ta ciro ƙwayar ta miƙa. "Saboda wannan. Maganin kuraje ne, ba a shan sa da ciki. Duk abin da kika gani a jikina, su ne."

Inna ta karɓa. Ta daɗe tana kallon 'yan ƙwayoyin a cikin ledarsu. Wani mai lemo ya zo ya tsaya a gabansu, ya gaji ya wuce.

"Kuraje," ta ce.

"Inna..."

"Kuraje. Sun taɓa kashe wani? Uwata da zanen agana a fuskarta ta haifi tara. Ba wanda ya ce ta rufe fuska." Muryarta ba ta tashi ba, ƙasa ma take yi. "Namiji ɗaya gare ni. Ɗaya tak. Kika tsaya gyaran haɓa har ƙasa ta rufe shi."

"Shi ya ce a yi. Wallahi na tashi zan fita, shi ya..."

"Kar ki ɗora masa. Ba ya nan balle ya ce a'a." Ta ɗaure ƙwayar a haɓar zaninta, ta ja ƙullin da haƙori. "Kina kallona ina ba rago dusa. Kina kallona ina cin tuwo."

"Don kina ci ne na kasa faɗa."

Inna ta miƙe. Ƙwan da ta ɓare yana kan dutsen, ƙudaje sun fara sauka.

A tasha ba ta nemi gaba ba. Baya aka cusa su, su huɗu a kujera, da buhun taki a ƙarƙashin ƙafafunsu. Kafaɗarsu tana gugar juna a kowane rami har Gwaram. Gero ya yi kai a gonakin gefen hanya. Da suka zo kwanar da aka ce nan abin ya faru, kowacce ta juya kanta wani gefen.

La'asar ta yi sanyi suka shiga gida. Ragon ya ji motsin Inna ya fara kuka yana jan igiya. Bara'atu, ƙanwar Nuru, ta fito daga madafa da murmushi, hannunta duk gari.

"Inna, wata nawa suka ce?"

"Ki gaya wa mijinki ya zo ya kwance ragon nan. Ran kasuwa ya kai shi Sara."

Bara'atu ta dubi uwarta, ta dubi Mahbuba, ta koma madafa ba ta ƙara tambaya ba.

Mahbuba ta shiga ɗaki ta zauna a bakin tabarmar da ta yi takabarta a kai. Ta fara ninke 'yan kayanta, ko da ba a ce ta tafi ba. Tana cikin haka labule ya ɗaga. Inna ce, da moɗa a hannu. Ta tsaya a kanta, sannan ta durƙusa da ƙyar, ta kama haɓarta ta juya ta wajen hasken ƙofa. Yatsunta masu kaushi suka bi muƙamuƙin daga kunne zuwa kunne, a hankali, kamar mai duba ƙwarya ko ta tsage.

"Ya gani?" ta ce.

"Me, Inna?"

"Fuskar. Nuru ya gan ta haka?"

Mahbuba ba ta taɓa jin sunan a bakinta ba sai yau. Ta girgiza kai. "Ba ta fara washewa ba sai bayan arba'in."

Inna ta saki haɓar. Ta kwance ƙullin zaninta, ta ajiye ƙwayar a kan tabarma, ta tura moɗar kusa da ita.

"Ta yau ba ki sha ba, ina kallonki tun asuba," ta ce. "Sha. Ita kaɗai ya bari."

Ta dafa bango ta miƙe ta fita. A tsakar gida ragon yana ta kuka, ba wanda ya kai masa dusa.