Sito Na Huɗu

A Sito Na Huɗu aka haife ni, ni da ƙannena, cikin tsohon barikin soja da ke bayan layin dogo. Lokacin babban yaƙi aka gina barikin. Inna tana 'yar budurwa ta ga ana kafa ƙarafunansa, don uwarta na cikin matan da ke yi wa sojoji wankin kaki. Ta ce jirgin ƙasa har cikin harabar yake shigowa, a sauke buhunan hatsi da barguna da takalma da akwatunan harsashi, 'yan dako su yi ta jida zuwa dogayen ɗakunan ajiya guda shida da ake kira sito, daga nan manyan motoci su kwasa zuwa bakin daga. Baba yana cikin 'yan dakon. Daga baya aka sa masa kaki aka ba shi mota. Ya tafi da kaya, ya dawo da kunne ɗaya a toshe da ƙafar da ba ta lanƙwasuwa.

Da yaƙi ya ƙare, manya suka hau jirgi suka yi gaba. Waɗanda suka dawo da rauni ba su da wurin zuwa, sai kwamandan ƙarshe ya ce su zauna a sito na uku da na huɗu kafin hukuma ta sama musu matsuguni. Hukuma ba ta sama ba. Suka raba ɗakuna da katakon akwatunan harsashi, daga baya suka sa bulo. A nan Baba ya auri Inna, a nan suka aurar da mu, a nan aka ɗauki gawarsa. Kowace damina maza na kan rufi suna liƙe kwano, mata na ƙasa suna miƙa musu ƙusa da kwalta. Sauran huɗun da ba kowa a ciki, ɗaya bayan ɗaya suka durƙushe, ɓarayi suka kwashe ƙarafan. Namu biyun ne kawai suka tsaya.

Bara waccan aka ce za a mai da wurin gidan tarihi, kowa ya tashi. Mutane suka so su yi gardama, Inna ce ta hana, da yake ita ce babba a wurin.

"Idan don a tuna da babanku ne da 'yan uwansa, ai ba asara ba ce," in ji ta.

Aka watsa mu. Wasu suka koma bayan gari inda ko famfo babu. Inna ta dawo wurina, ɗakin da ke bayan shagon ɗinkina, inda tagar ke kallon bango. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Abin da take tambaya kullum shi ne, "An buɗe kuwa?"

Da aka buɗe, na rufe shago na kai ta. Ta sa kayanta mafi kyau, ta ƙi riƙe sanda, wai kada a ce matar soja ta tsufa. A bakin ƙofa muka tarar da mai gadi cikin sabon yunifom, ashe Sarkin Kuka ne, ɗan maƙwabtanmu na sito na uku. Tun yana jariri ya samu sunan, don ba ya barin kowa ya runtsa. Yanzu ga shi da 'ya'ya har da furfura a gemu. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Kai ne ke tsaron gidanmu? To madalla," Inna ta ce. "Ka dai rage kuka."

Da muka shiga Sito Na Huɗu na kasa gane wurin. An rushe duk ɗakunan, an shafe bango da farin fenti, an jera gadajen ƙarfe, an zaunar da mutum-mutumi cikin kaki a bakin ɗayansu, an kewaye da igiya ja. Hotunan hafsoshi sun cika bango, kowanne da sunansa a ƙasa. Hoto ɗaya ne na 'yan dako, duk sun sunkuya da buhu a baya, ba a ganin fuskar kowa. Inna ta daɗe a gabansa.

"Wannan wuyan kamar na babanku," ta ce. Ba ta ji haushi ba. Murmushi ma ta yi.

Wata budurwa ce ke zagawa da baƙi tana yi musu bayani, muka bi ayarinta. A gaban wani babban allo ta tsaya ta karanta da murya mai daɗi: "Bayan yaƙi an yi watsi da barikin. Shekaru masu yawa 'yan kama-wuri-zauna suka mamaye shi suka lalata shi, har sai da hukuma ta ƙwato shi."

Na ji kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Na yi fatan kunnen Inna bai kama ba, amma ya kama.

"'Yata, su wa suka lalata shi?"

"'Yan kama-wuri-zauna, Mama."

"Su waye su?"

Yarinyar ta dubi allon, ta dube mu. "Haka aka rubuta, Mama. Ni karantawa kawai nake yi."

Inna ta juya ta bar ta a wurin. Ta ɗaga igiyar nan ja ta sunkuya ta wuce, ita da sai na kama ta take hawa dakali. Ta nufi taga ta uku daga ƙofa, inda ɗakinta yake a da, ta zauna a bakin gadon ƙarfe kusa da mutum-mutumin, ta gyara mayafinta. Baƙi suka yi cirko-cirko. Yarinyar ta ruga ta kira manaja.

Manajan ya zo da sauri, wani mai ƙamshin turare da waya biyu a hannu. Ni ya fara yi wa magana.

"Malama, ki fitar da tsohuwarki. Ba a taɓa kayan tarihi."

"Ta fi gadon nan tsufa a ɗakin nan," na ce. "Wa ya rubuta wancan allon? Kun zo kun same mu a ciki, kun ga rufin da iyayenmu suka riƙe da hannunsu. Ina sauran sito huɗun da ba mu lalata ba? Ku nuna wa baƙinku su mana."

"Ba ni na rubuta ba. Kuma ba a nan ake kawo ƙorafi ba."

Ya juya ya kira mai gadi, ya ce ya ɗaga ta. Sarkin Kuka ya zo har bakin igiyar ya tsaya, ya cire hularsa.

"Ranka ya daɗe, ita ta yanke mini cibiya. Ba zan iya ba."

Manajan ya ga wasu baƙi sun ɗaga wayoyinsu suna ɗauka, sai ya sassauta murya ya matsa kusa da Inna.

"Mama, ki yi haƙuri. Kwamiti zai zauna a kan maganar."

"To, ni ma ga shi na zauna," Inna ta ce. "Ai kun ce sana'armu ce."

Wasu suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce masa, "Ɗana, ba wanda ya kama wuri. Ce mana aka yi mu zauna, muka zauna. Kuka ce mu tashi, muka tashi, ni na ma lallashi mutane. Ban nemi ku rubuta sunan mijina ba. Amma ba zai bar ƙafarsa a yaƙinku ba, sannan ku kira shi ɓarawon ɗaki."

Sai da ya sa aka kawo takarda da gam aka rufe layin nan a gabanta, sannan ta miƙo mini hannu na tashe ta. Ranar ba ta ci abinci ba.

Ba a yi mako ba aka sallami Sarkin Kuka, wai ba ya bin umarni. Inna ta sa na mai da ita barikin don ta roƙa masa. Muka wuni a kan benci a ƙofar ofis, aka ce manaja yana taro, har aka tashi. Yanzu a gidan burodi yake aikin rabin wuni, kuma duk sanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi haƙuri, shi kuma ya ce ko gobe haka zai yi.

Allon kuwa an sake shi. Na je da kaina na gani. Sun cire zagin, gaskiya ne. Amma sun cire mu gaba ɗaya. Daga "yaƙi ya ƙare" sai "hukuma ta gyara wurin", kamar tsakani ba a haifi kowa ba, ba a binne kowa ba. Da na gaya wa Inna, ta ce, "A da sun kira mu ɓarayi, yanzu sun ce ba a ma yi mu ba. Ban san wanda ya fi ba."

Watan jiya makarantar jikata ta kai su wurin yawon buɗe ido. Ta dawo shago da murna, ta faɗa jikin Inna.

"Inna, mun je gidan sojoji. Malaminmu ya ce tun da aka gama yaƙi ba wanda ya sake kwana a ciki."

Ina kan keke ina ɗinka wuyan riga. Inna ta dubi yarinyar, ta ce ta ajiye jaka ta jawo kujera.

"Zauna nan. Kin ga taga ta uku daga ƙofa? A ƙarƙashinta kakarki ta koyi tafiya. Ɗakin da ke kusa na Kawu Makaniki ne, mai hannu ɗaya."

Ta ci gaba, ɗaki bayan ɗaki, gida bayan gida. Ni kuwa na yi ta taka keken da ƙarfi, ban san na kai kan maɓalli ba sai da allura ta karye.